Ma'anar "bambancin halittu", da dalilin da ya sa ba dashen itatuwa ba ne

Tun bayan taron Montreal na watan Disamban 2022, inda ƙasashen duniya suka amince su kare kashi 30 cikin ɗari na doron ƙasa da teku kafin 2030, "bambancin halittu" ya shiga bakin kowa. Ana jin sa a labaran rediyo, ana jin sa a jawabin 'yan siyasa, musamman ranar bikin dashen itatuwa. Abin da ke damuna shi ne, a mafi yawan jimlolin da ake saka shi, da za ka zare shi ka sa "dashen itatuwa" ko "sauyin yanayi" a gurbinsa, babu abin da zai canza. Wannan ya nuna ba a kama ma'anarsa ba, domin abubuwa ne uku daban, kuma wani lokaci ma dashen itatuwa kan cutar da bambancin halittu.

Wani ɓangare na ruɗanin daga fassarar yake. "Bambanci" a kunnen Bahaushe kan tafi ga nuna fifiko ko wariya, alhali a nan ana nufin kasancewar abubuwa iri-iri. Wasu kan ce "jinsunan halittu", sai mai sauraro ya tafi ga namiji da mace. Wasu kuma su ce "yawan halittu", wanda shi ne mafi muni, domin yawa da rarrabuwa ba ɗaya ba ne: fari miliyan dubu suna da yawa, amma abu guda ne. Kalmar da ta fi kusa da gaskiyar lamarin ita ce "iri", saboda tana ɗauke da ma'ana biyu da duk ake buƙata, wato irin abu da kuma irin da ake shukawa, wanda ke ɗauke da gado daga uwa zuwa 'ya'ya. Ita kanta kalmar Turancin da aka fassaro ba tsohuwa ba ce. Ta bazu ne bayan wani taron masana da aka yi a Washington a 1986.

Yarjejeniyar Rio de Janeiro ta 1992 ta fayyace ma'anar a hawa uku. Akwai bambanci tsakanin nau'o'i, kamar zaki da kura da gara. Akwai bambanci tsakanin mazaunai, kamar kurmi da fadama da hamada da ƙarƙashin teku. Sai kuma bambanci a cikin nau'i guda, wanda ido ba ya cika gani, kuma shi aka fi mantawa. A ƙasar Ayilan, talakawa sun dogara kusan kacokan ga irin dankalin Turawa guda ɗaya, wanda ake dasawa daga ɗanyensa, saboda haka kowane tushe kwafin ɗan'uwansa ne. Da cuta mai kama da funfuna ta shigo a 1845, ba ta tarar da tushen da ya bambanta da saura balle ya tsaya mata ba. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu a shekarun yunwar, ko da yake manufofin gwamnatin Birtaniya ta lokacin sun ƙara wa wutar fetur. Ayabar da ake fitarwa kasuwannin duniya ta taɓa faɗa wa irin wannan rami a shekarun 1950, aka musanya irin Gros Michel da Cavendish, yanzu kuma sabon nau'in cutar na bin Cavendish, har ya isa Kolombiya a 2019.

Ta yaya masana ke auna abin? Ba ƙidayar kawuna suke yi ba. Sukan shata fili, murabba'in mita ɗaya idan ciyayi ne, ko mai girman mita 20 ko fiye idan itatuwa ne, a wurare da yawa da aka zaɓa ba tare da son rai ba, sannan su rubuta abu biyu: nau'i nawa ne a ciki, kuma kowane nau'i guda nawa ne. Ɗauki fili biyu, kowanne da bishiya 100 da nau'i 10. A na farko, kowane nau'i yana da bishiya 10. A na biyu, nau'i ɗaya ya kwashe 91, sauran taran kowanne guda ɗaya tak. A takarda duka "nau'i goma" ne. Amma idan ka rufe ido ka taɓa bishiya biyu, yiwuwar su zama nau'i ɗaya a fili na farko kusan kashi 10 cikin ɗari ne, a na biyu kuwa ya haura kashi 80. Gatari tara ya isa ya mayar da fili na biyu gonar abu guda. Kuskuren da aka fi yi a wannan aiki shi ne ƙidaya a lokaci ɗaya na shekara, domin ciyayi da ƙwari da tsuntsaye masu ƙaura ba sa bayyana a kowane wata, sai kuma zaɓen wuraren da ke kusa da hanya saboda sauƙin zuwa.

Daga nan za a gane matsalar dashen itatuwa. Idan aka share jeji mai ɗauke da nau'o'in tsirrai masu yawa aka jera bishiyar turare miliyan ɗaya, an ƙara yawan itatuwa, an rage bambancin halittu. Turare a Ostireliya, inda ya fito, yana da ƙwarinsa da tsuntsayensa da dabbobin da ke cin ganyensa. A baƙuwar ƙasa kaɗan ne daga halittun wurin ke iya amfana da shi, ganyensa mai maiƙo ba ya saurin ruɓewa, kuma yana shan ruwa sosai. Haka nan fili mai ciyawa ba dajin da ya lalace ba ne da ke jiran a gyara shi. Mazauni ne mai zaman kansa, da tsirran da suka saba da rana da gobara da kiwo, waɗanda inuwa ke kashewa. Afirka ta Kudu tun 1995 take biyan mutane su sare baƙin itatuwan da suka mamaye bakin rafuka suna ƙafar da su. A can sarewar ita ce kare bambancin halittu. Ba na ƙin dashe, yana da amfaninsa wurin inuwa da katako da tare iska, amma a kira shi da sunansa.

Sauyin yanayi kuma dalili ne guda daga cikin dalilai. Rahoton kwamitin masana na duniya da ya fito a 2019, wanda ya ƙiyasta cewa nau'o'i kusan miliyan ɗaya na fuskantar ɓacewa, ya jera dalilai biyar bisa girman ɓarnarsu: sauya amfanin ƙasa da teku, ɗibar halittu kai tsaye ta farauta da kamun kifi da sara, sauyin yanayi, gurɓatawa, sai baƙin nau'o'i masu mamaya. Sauyin yanayi na uku ne. Ko da an daina fitar da hayaƙi gobe, buldoza da komar kamun kifi ba za su tsaya ba.

Akwai kuma adadin da ake yawan karantawa ba daidai ba. Rahoton 2024 na WWF, ƙungiyar kare namun daji, ya kawo raguwar kashi 73 cikin ɗari tsakanin 1970 da 2020, sai aka yi ta cewa kashi 73 na dabbobin duniya sun ƙare. Ba haka rahoton ya ce ba. Matsakaicin raguwa ne a garkuna kusan 35,000 da ake bibiya, na dabbobi masu ƙashin baya kawai. Garke mai dabba 1,000 ya koma 900, wani mai dabba 10 ya koma 1: na farko ya ragu da kashi 10, na biyu da kashi 90, tsakiyarsu 50, alhali jimillar dabbobin ta ragu ne da kusan kashi 11 kawai. Lissafin nasu ya fi wannan sarƙaƙiya, amma hikimar ke nan. Adadin abin tsoro ne yadda yake, ba ya buƙatar ƙarin gishiri, kuma ƙarin gishirin shi ke ba masu musu ƙofa.

Abin da duk waɗannan alƙaluma ba sa nunawa shi ne cewa kowane nau'i aiki yake yi, kuma idan ya tafi aikin ke tsayawa. Babu misalin da ya fito da wannan fili kamar na ungulun Indiya.

Har zuwa shekarun 1980 ungulu a Indiya miliyoyi ne masu yawa, ƙiyasin da aka fi ambata ya kai miliyan 40. Da yake akasarin mutanen ƙasar ba sa cin naman saniya, idan ta mutu sai a feɗe fatar a bar mushen a fili. Ungulu ba ta jewar banza: taronsu kan sauka su mayar da saniya ƙashi zalla cikin ƙasa da awa ɗaya. Ruwan cikinta yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, saboda haka cutar kan ƙare a cikinta maimakon ta yaɗu. Ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin shanu tana da ma'aikatan tsafta da ba ta biya ko sisi, ba ta kuma san tana da su ba.

A tsakiyar shekarun 1990 suka fara mutuwa. Masanin tsuntsaye Vibhu Prakash ya lura da haka a gandun Keoladeo, inda ake ganin ungulu zaune a reshe wuyanta a lanƙwashe, bayan 'yan kwanaki ta faɗo. An shafe shekaru ana zargin wata sabuwar annoba. Sai a 2004 binciken da Lindsay Oaks ya jagoranta a Pakistan ya gano dalilin: diclofenac, maganin ciwo da kumburi mai araha da ake yi wa shanu allurarsa. Ga saniya magani ne mai kyau, kuma jikinta kan fitar da shi cikin kwanaki. Matsalar ita ce dabbar da ake yi wa allurar sau da yawa tana dab da mutuwa, sai ta mutu maganin na jikinta. Ungulun da ta ci naman ƙodarta kan daina aiki, gishirin fitsari ya taru, idan an buɗe ta a ga farin abu kamar alli ya lulluɓe hanta da zuciya.

A nan ne lissafin ke da ban tsoro. Ba sai kowane mushe ya ɗauki maganin ba. Masana sun nuna cewa ƙasa da mushe ɗaya cikin ɗari ya isa ya haifar da duk raguwar da aka gani, saboda ungulu a taro take ci, mushe ɗaya kan ciyar da gommai, kuma kowace tana cin mushe da yawa a shekara. Halin da ya sa ta ƙware a aikinta shi ya kai ta ga halaka. Tsakanin 1992 da 2007 nau'in mai farin baya ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari, wasu nau'o'i biyu kuma da kusan kashi 97. Ba a sare dajinsu ba, ba a farauce su ba, yanayi bai taɓa su ba, kuma babu wanda ya yi niyyar kashe ko guda.

Mushe bai daina zuwa ba. Ya riƙa ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan da ba su da masu suka sami abinci suka yawaita, ga shi kare ba ya share nama tas kamar ungulu, kuma yana ɗauke da ciwon hauka zuwa cikin gari. Wani bincike da masana tattalin arziki Eyal Frank da Anant Sudarshan suka fitar a 2024 ya kwatanta gundumomin da ungulu ke zaune a da da waɗanda ba ta zama, ya ƙiyasta ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya da girmansa. Amma duk wanda ke ganin maganar bambancin halittu ta masu ƙoshi ce da ke son kallon dabbobi, ya dubi wa ya biya farashin: talakan da ke shan ruwan rafi da yaron da kare ya ciza. Kuma da a ce ana auna lafiyar muhalli da yawan itatuwa, da babu ma'aunin da zai motsa a duk tsawon waɗannan shekaru.

Gyaran ma bai zo da sauƙi ba. Indiya da Pakistan da Nepal sun hana amfani da diclofenac ga dabbobi a 2006, aka kuma tabbatar da cewa wani magani mai suna meloxicam yana yi wa shanu aiki ba tare da cutar da ungulu ba. Sai dai manyan kwalaben diclofenac na mutane suna nan a kantunan magani, aka ci gaba da karkatar da su zuwa ga shanu, har sai da Indiya ta taƙaita kwalbar mutane zuwa mililita 3 a 2015, adadin da bai kai allurar saniya ba. An kuma gano maganin aceclofenac kan rikiɗe ya koma diclofenac a jikin saniya, maganin ketoprofen ma yana kashe ungulu, Indiya ta hana su biyun a 2023. An kafa cibiyoyin kiwon ungulu irin ta Pinjore a jihar Haryana, ana kuma shata yankuna masu faɗin kilomita 100 ta kowace fuska, inda ake bin kantuna ana gwada mushe kafin a saki tsuntsayen, domin ungulu kan yi tafiya mai nisa a yini guda wajen neman abinci. Raguwar ta tsaya a wurare da dama, a Nepal ma an fara ganin ƙaruwa. Amma ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, kuma ɗanta sai ya kai kusan shekara biyar kafin ya fara haihuwa.