Rikicewar motsin ido sakamakon ƙaramin toshewar jini a tushen ƙwaƙwalwa

Wannan larura ce da ke samun idanu idan siririyar hanyar jini ta toshe a tushen ƙwaƙwalwa, wato sashen nan na wajen ƙeya da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka. Wurin da ya lalace sau da yawa bai wuce milimita 15 ba, amma wajen a cushe yake kamar Kantin Kwari, daga nan jijiyoyin kai na 3 da na 4 da na 6 suke fitowa, su ne kuma ke juya tsokoki shida na kowane ido.

Abin da ya sa ake raina ta shi ne hannu da ƙafa za su iya zama lafiya ƙalau, ba irin shanyewar ɓarin jikin da muka saba gani ba. Dattijo zai tashi sallar asuba kawai ya ga butarsa ta zama biyu, in ya rufe ido ɗaya ta koma ɗaya, ga jiri ga tangaɗi, wani fatar idonsa ta sauko, sai a ce harara-garke ce ko iska, a tafi kemis neman maganin ɗigawa. Gaskiya wannan jinkirin abin takaici ne.

Irin rikicewar da aka fi gani ita ce, idan zaren jijiyar da ke haɗa aikin idanun biyu ya taɓu, ido ɗaya ya kasa matsowa wajen hanci, ɗayan kuma yana rawa in ya kalli gefe. Akwai mai tsanani da likita Miller Fisher ɗan Kanada ya sa wa suna "ɗaya da rabi" a 1967, ido ɗaya ba ya zuwa dama ko hagu sam, ɗayan waje kaɗai yake iya kallo.

Hawan jini ne babban sanadi, sai ciwon suga da taba. A cikin hotunan ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da na'ura a asibiti, na MRI ya fi na CT nuna wajen, shi ma a ranar farko yana iya kuskure shi. Allurar narkar da gudan jini a cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, shi ya sa babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano ko Murtala ya kamata a nufa take. Da yawa suna samun sauƙi cikin makonni zuwa watanni, kafin nan ana rufe ido ɗaya ko a ba da gilashi na musamman mai haɗe gani biyun, a ci gaba da shan maganin hawan jini ba fashi.