Kukan sitiyari a tsohuwar mota: kafin ka sayi wani famfo

Aikina gyaran sitiyari ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, kuma da wuya mako ya wuce wani direban tasi daga Aboabo ko Asawase bai zo mini da famfon sitiyari a leda ba, ya riga ya saya, wai in ɗaura masa. Abin yana damuna, domin yawancinsu famfonsu na farko lafiyarsa ƙalau. Ga tambayoyin da aka fi yi mini. Maganar ta shafi motocin da sitiyarinsu ke aiki da mai ne, ban da na lantarki.

Motata tana gurnani duk sanda na murɗa sitiyari. Famfo ne ya mutu?

Galibi a'a. Inji ne ke juya famfon ta hanyar bel, famfon ya zuƙo mai daga ɗan tulun da ke cikin bonet, ya tura shi da ƙarfi ta tiyo zuwa rak, wato dogon ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba dama da hagu, shi ya sa sitiyari ke yi maka laushi. In man ya ragu, sai famfon ya riƙa haɗiyar iska tare da shi, gurnanin da kake ji ke nan. Ka fara buɗe tulun. Akwai alamar MIN da MAX a jikinsa, wasu kuma sanda ce a murfin mai alamar HOT da COLD. Ka dubi launin man ma: in ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya gama aikinsa.

Na cika, bayan mako guda ya sake sauka. Ina yake zuwa?

Man sitiyari ba ya ƙonewa, ba ya kuma bin iska. In ya sauka, yoyo yake yi. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar da dare, da asuba ka ga inda ya ɗiga. Wuraren da na saba samu su ne bakin tiyo inda aka matse shi da ƙarfe, da bayan abin da bel ke juyawa a jikin famfo, sai robobin nan masu lanƙwasa da ke ƙarshen rak ta kowane gefe. Matsa robar da yatsa. Bai kamata a samu mai a cikinta ba, in ka ji ta cika, to rak ɗin ne ke zubarwa daga ciki.

Man bai ragu ba, babu ɗigo a ƙasa, amma kukan yana nan.

A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Tayar da inji, ka leƙa cikin tulun. In ka ga man yana kumfa kamar an kaɗa sabulu, iska ce ke shiga ta tiyon da ke kai mai zuwa famfo. Wannan ɓangaren zuƙa yake yi, don haka yana iya shan iska ba tare da ya ɗiga ko kaɗan ba. Zafi da shekaru suna busar da robar ta yi tauri.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini Honda Accord, an riga an canza masa famfo a wani wuri, kukan bai daina ba. Na ce masa, Baba, a ba ni rabin sa'a. Na kwance bakin tiyon, sai ga wani ɗan zoben roba da bai fi na yatsa ba ya bushe ya baje. Shi kaɗai muka canza, motar ta yi tsit. Wasu tulunan kuma suna da rariya a ƙasansu, in datti ya toshe ta famfo ba ya samun isasshen mai, kukan iri ɗaya ne.

Nawa ba gurnani ba ne, ƙara ce mai tsini da safe ko in ruwan sama ya sauka.

Bel ne yake zamewa. Ko ya saki a ɗaure shi, ko ya tsage a canza. In mai ya jiƙa shi, a fara tsayar da yoyon.

Wane mai zan zuba?

Wanda aka rubuta a murfin tulun ko a littafin motar. Tsofaffin Toyota da yawa jan man giya suke sha, wato ATF Dexron. Honda nata daban ne, kada ka zuba mata ATF. Wasu motocin Jamus kuma koren mai ne, CHF 11S. Man birki kuwa kada ya kusanci tulun nan ko da wasa, yana cinye robobin ciki gaba ɗaya.

Bayan gyara, yaya ake fitar da iskar?

A ɗaga tayoyin gaba da jak, inji a kashe. A murɗa sitiyari a hankali daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu kamar sau 20, ana ƙara mai in ya sauka. Sannan a tayar da inji a maimaita. Wani abu da nake roƙon direbobi: in kana juya mota a lungu, kada ka danne sitiyari a ƙarshe ka riƙe. Daƙiƙa kaɗan sun isa man ya ɗauki zafi, famfon kuma yana wahala.

To yaushe ne famfon ya mutu da gaske?

In mai ya cika, babu kumfa, bel ya ɗauru, amma sitiyari yana tauri a tsaye ya saki in ka taka totur, ko ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin man. A lokacin ne za ka nemi wani. In na hannu za ka saya, juya shi da hannunka ka ji ko yana karta ko yana girgiɗi. Kuma a wanke tsohon man daga tiyo da rak kafin a ɗaura, in ba haka ba garin ƙarfen nan zai shiga wanda ka saya ya cinye shi.