Wankin Hoto a Gida da Ingancin Gilashin Kyamara: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko aka shiga watannin bukukuwa a Garwa, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke iske ni a shagon hoto. Masu yin su galibi matasa ne da suka tara ɗan jari suna neman sana'a, sai kuma magidanta waɗanda wayoyinsu suka cika maƙil da hotunan 'ya'ya amma babu ko guda a jikin bango. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su gwargwadon abin da aikin ya koya mini.

Tambaya: Malam, wanke hoto a gida ya fi kai wa situdiyo sauƙin kuɗi?

Amsa: Ya danganta da yawan hoton da mutum yake wankewa a wata, kuma lissafin ba shi da wuya. A haɗa kuɗin takarda ɗaya, da tawadar da ta sha, da rabon takardun da suka lalace, sannan a cire jimlar daga abin da situdiyo take karɓa. Abin da ya rage shi ne rarar da ake samu a kowane hoto, kuma daga wannan rarar firinta za ta biya kanta. Mu ƙaddara, don misali, cewa firinta ta ci sefa 200,000, hoto mai girman santimita 10 da 15 yana tsayawa a gida a kan sefa 100, situdiyo kuma tana karɓar 200. Rarar sefa 100 ce, wato sai an wanke hoto 2,000 kafin uwar kuɗi ta dawo. Magidancin da ke wanke hoto 100 a shekara zai jira shekara 20, alhali da wuya na'urar ta kai haka da rai. Saurayin da ke wanke 20 a rana kuwa cikin kwana 100 ya gama biya. Kowa ya sa farashin da ya tarar a kasuwarsa, domin kayan da suka hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sannan aka ɗora su a mota ba za su zo daidai da waɗanda suka shigo ta Yola ko Mubi ba.

Tambaya: Wace irin firinta ce ta dace da hoto?

Amsa: Iri uku ne a hannun mutane. Akwai mai fesa tawada daga ƙananan kwalaye da ake sauyawa idan sun ƙare. Ita ce mafi arha a ranar saye, kuma ita ce mafi tsada daga baya, saboda kowane kwali ɗan tawada kaɗan yake ɗauka, hoto kuwa yana rufe fuskar takarda gaba ɗaya. Ban taɓa ba mai sana'a shawarar ya saye ta ba.

Ta biyu ita ce mai tanki, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Kamfanin Epson ya fara fitar da irinta a Indonesiya a 2010, daga baya Canon da HP suka biyo. Samfurin Epson L805, wanda masu hoto da yawa suka sani, yana aiki da launi shida, kowace kwalba mililita 70. Ƙarin launuka biyu masu sauƙi, shuɗi da ja, su ne suke sa fatar fuska da sararin sama su fito sumul ba tare da ɗige-ɗige ba, abin da mai launi huɗu ba ta cika iyawa ba.

Ta uku ita ce wadda ba ta da tawada mai ruwa sam, irin Canon Selphy. Launin yana jikin wata siririyar leda, zafi ne yake manna shi a takarda. Takardar tana shiga ta fita sau huɗu: rawaya, ja, shuɗi, sannan shafi na ƙarshe mai kare hoton daga ruwa da zanen yatsa. Ana sayar da ledar da takarda tare, kwali mai guda 108, don haka kuɗin kowane hoto a fili yake: idan an sayi kwalin sefa 27,000, kowane hoto 250 ke nan, ko fari ne ko baƙi. Ta fi mai tanki tsada a kowace takarda, amma ba ta toshewa, ana iya sa mata batir, kuma a takarda ɗaya ana jera hoton santimita 4x4 guda shida, irin wanda ake nema a takardun jarrabawa da na neman aiki. Mai zama kusa da makaranta ko ofis da wannan aikin kaɗai zai iya riƙe kansa.

Tambaya: Mene ne kuɗin da ba ya fitowa a lissafin mai sayarwa?

Amsa: Tawadar da ba ta taɓa hawa takarda ba. Kan firinta mai fesawa yana da ramuka ɗaruruwa, kowane ya fi silin gashi siranta, kuma idan tawada ta bushe a bakinsu sai hoto ya fito da layuka farare ko launi ya karkace. Maganin shi ne a sa na'urar ta wanke kanta, wankin kuma da tawada take yin sa, tana zuƙo ta tana zubarwa cikin wani soso da ke cikinta. Shi ma soson yana cika, ranar da ya cika na'urar takan tsaya cak sai an sauya shi.

A ƙasashe masu sanyi wannan ƙaramar matsala ce. A nan, inda zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40, babba ce. Wata shekara na rufe shago na tafi Marwa mako uku a tsakiyar bazara, na bar firinta a ƙarƙashin kwano babu ko mayafi. Da na dawo, hoton farko da na gwada na wata amarya ce cikin jan leshi, sai ya fito kamar an jiƙa shi da ruwan ganye, fuskar kore-kore, leshin ruwan ƙasa, domin ramukan jan launi sun toshe. Sai da na wanke kan sau biyar, ina kallon tawada tana sauka a tanki, kafin ya dawo daidai. Tun daga ranar, ko babu aiki, ina buga ƙaramin hoto mai launuka duk bayan kwana uku, ina kuma rufe ta da zane mai kauri saboda ƙurar hunturu, wadda take shiga ta kwanta a kan takarda ta bar tabo fari a hoto.

Sai wuta. Idan aka ɗauke ta ana tsakiyar bugu, takardar ta tafi, kuma kan firintar yakan tsaya a fili ba a mazauninsa mai murfi ba, inda zai bushe da sauri. Ƙaramin batir na ajiyar wuta yana cikin jarin, ba abin ado ba ne.

Tambaya: Me ya sa wani hoton yake koɗewa cikin shekara ɗaya, wani kuma na zamanin kakanni yana nan?

Amsa: Tawada iri biyu ce. Akwai mai narkewa cikin ruwa kamar rini, launinta yana da ƙyalli amma rana da iska suna cin ta. Akwai kuma mai ƙananan ƙwayoyin launi da ba sa narkewa, wadda ta fi jure haske. Yawancin firintocin gida masu arha ta farkon suke sha, kuma idan aka haɗa ta da tawadar da ba a san asalinta ba da takarda marar kyau, hoton da aka manna a bangon falo yakan koma ja-ja kafin damina ta zagayo. Takarda mai nauyin giram 200 zuwa 260 mai rufin roba ta fi riƙe launi, gilashin firem kuma yana ƙara wa hoto kwana. Manyan injunan situdiyo irin Fuji Frontier da Noritsu na da suna haska takarda mai sinadarin azurfa ne su wanke ta da magunguna, shi ya sa har yau muke cewa wankin hoto ko da babu ruwa a aikin.

Tambaya: Wayata tana da megafiksel 50, amma da aka wanke hoton ya fito dishi-dishi. Laifin firinta ne?

Amsa: Da wuya. Hoto mai kyau yana buƙatar ɗigo, wato fiksel, 300 a kowane inci. Na santimita 10 da 15 fiksel 1200 sau 1800 ne, wato fiksel miliyan 2 da ɗan kai, ko megafiksel 2 da ɗan kai. Takardar A4 kuma ba ta kai 9 ba. Ashe ƙarancin fiksel ba shi ne ciwon ba. Yawancin wayoyi masu 50 suna haɗa fiksel huɗu su zama ɗaya, su ba da hoto mai 12.5, kuma hasken yana shiga ne ta ɗan gilashin da bai wuce ƙwayar wake ba. Da rana tsaka yana yin abin kirki. Da dare, wajen kamu ko walima, wayar takan share hoton da dabarar kwamfuta don ta ɓoye ƙarancin haske, sai fata ta zama kamar an shafe ta da man shanu, zaren hula ya ɓace. A fuskar waya ba a lura, takarda ce take tona asiri. A ƙara da cewa hoton da aka turo ta WhatsApp ta hanyar da aka saba an matse shi an rage girmansa, don haka a turo shi a matsayin fayil. Fuskar waya kuma haske take fitarwa, takarda kuwa aro take yi daga ɗaki, shi ya sa ake ɗan ƙara wa hoto haske kafin a buga.

Tambaya: To mene ne ya bambanta gilashin kyamara mai kyau da na banza, tunda duk gilashi ne?

Amsa: Abin da ake gani daga waje gilashi ɗaya ne, amma a ciki jere suke, wani na gyara kuskuren wani. Gilashi guda ba ya iya tara dukkan launuka a wuri ɗaya, shi ya sa a hoton da aka ɗauka da marar inganci za ka ga zare shunayya ko kore a gefen farar babbar riga idan rana tana bayanta. Haka kuma tsakiyar hoto yakan fito tar, amma waɗanda suka tsaya a gefen layi, a hoton dangi na ranar suna, fuskokinsu su yi laushi. Sannan kowace fuskar gilashi da ba a shafa mata komai ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske, wanda yake yawo a ciki ya dusashe launi. Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya samar da shafin da ke rage wannan a 1935, kuma shi ne launin kore ko shunayya da kake gani idan ka karkata gilashin a rana.

Abu mafi muhimmanci ga aikinmu shi ne faɗin ƙofar haske, wadda ake rubutawa da harafin f. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin da ake haɗowa da kyamara, mai milimita 18-55, idan aka jawo shi ƙarshe don kusanto da abu, f/5.6 yake tsayawa. Ɗan gilashin nan na milimita 50 mai f/1.8, wanda yake cikin mafi arha a wajen Canon da Nikon, yana shigar da haske kusan ninki goma. A aikace, inda na farko yake buƙatar kashi 1 cikin 15 na daƙiƙa, wanda ko numfashi ya isa ya girgiza hoton, na biyu zai ɗauka a kusan 1 cikin 150. Duk wanda ya taɓa tsayawa da yamma a filin hawan Sallah gaban fadar Lamiɗo, dawakai suna sukuwa, ƙura ta tashi, rana tana faɗuwa, ya san cewa tsakanin waɗannan lambobi biyu ake samun hoton da mahayi zai saya ko wanda za a goge. Sai dai idan haske ya wadata, kusan kowane gilashi ya fi kaifi tsakanin f/5.6 da f/8, kuma ko 18-55 ɗin yana fitar da aiki mai kyau a nan. Kada wanda yake da shi ya raina shi.

Tambaya: Idan zan sayi na hannu, me zan duba?

Amsa: Ka cire shi daga kyamara, ka buɗe ƙofar, ka haska tocilan ta baya. 'Yar ƙura a ciki ba ta hana komai. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, wato fumfuna, wadda danshi yake haifarwa, ana kuma yawan samun ta a kayan da suka kwana a Duwala ko suka sha daminar Ngaundere. Ka kuma duba ƙarce, domin ƙurarmu yashi ce, wanda ya goge gilashi da bakin riga ba tare da ya fara hure shi ba ya kankare shafinsa.

Tambaya: Yaya, kuɗina na abu ɗaya ne kawai. Firinta zan fara saya ko gilashi?

Amsa: Ƙanena, idan aikinka bukukuwa ne, sayi gilashin, ka riƙa kai wanki situdiyo. Hoton da ya shiga kyamara a dusashe babu tawadar da za ta farfaɗo da shi, wanda ya shiga da kyau kuwa ko bayan shekara goma za a iya sake wanke shi a kowane girma. Ka riƙa rubuta adadin da kake kaiwa wanki kowane mako har wata uku, ka ninka da rarar da muka lissafa a sama. Ranar da lissafin ya nuna firintar za ta biya kanta cikin shekara ɗaya, ka je ka ɗauko ta, ka haɗo da batir da mayafinta.