Lynching: Kisan Taron Dangi a Tarihin Amurka

Lynching kalma ce ta Turancin Amurka da ke nufin kisan da gungun mutane ke yi wa wanda suke zargi da laifi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Yawancin masana tarihi na danganta asalinta da Charles Lynch, wani alƙalin gunduma a Bajiniya, wanda a 1780, lokacin yaƙin neman 'yancin kai, yake hukunta masu goyon bayan Ingila ba bisa ƙa'ida ba. A zamaninsa hukuncin galibi bulala ce, kuma waɗanda ake yi wa shi Turawa ne.

Ma'anar ta canja bayan yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 da ya kawo ƙarshen bauta. Da gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga Kudu a 1877, kisan taron dangi ya zama makamin tsorata baƙaƙen fata, don kada su kaɗa ƙuri'a ko su mallaki ƙasa ko su yi gogayya da Turawa a kasuwa. Cibiyar Tuskegee, wata makarantar baƙaƙen fata a Alabama, ta ƙirga mutum 4,743 da aka kashe ta wannan hanya tsakanin 1882 da 1968, kuma 3,446 daga cikinsu baƙaƙe ne.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce wai an yi wa Baturiya fyaɗe. 'Yar jarida Ida B. Wells ce ta tona wannan ƙarya bayan da aka kashe abokinta Thomas Moss da abokan kasuwancinsa biyu a Memphis a 1892, alhali tushen rikicin shi ne kantinsu yana janye cinikin wani Bature. Rubutun da ta yi tana ƙaryata zargin fyaɗen ya sa aka farfasa ofishin jaridarta, daga baya kuma ta bi alƙaluma ta nuna cewa a yawancin kashe-kashen ba a ma yi zargin fyaɗe ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ba a ɓoye ake yi ba. A 1916, a garin Waco na Texas, an ƙona Jesse Washington, ɗan shekara 17, a gaban mutane fiye da dubu goma, har da yara, aka ɗauki hotunan gawarsa ana sayarwa a matsayin katin gaisuwa. Ba a hukunta kowa ba.

Daga baya taron ya ragu, kisan ya koma na mutane kaɗan cikin dare. Haka aka kashe Emmett Till, ɗan shekara 14, a Misisipi a 1955. Mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin gawar a buɗe domin duniya ta ga fuskar ɗanta, kotu kuwa ta sallami waɗanda ake tuhuma.

An gabatar da ƙudurori kusan 200 a majalisa domin haramta wannan kisa, sanatocin Kudu suna daƙile su, sai a Maris 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunan Till, mai tanadin ɗaurin da ya kai shekara 30. Yanzu kalmar ta fita daga Amurka, jaridun Turanci suna amfani da ita ga ɗaukar doka a hannu a ko'ina, kamar kisan mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025.