Fodkas na Katolika a Kebbi da Zamfara

Fodkas na Katolika shiri ne na murya da ake naɗa kashi-kashi, a ɗora a intanet ko a tura ta waya, domin koyar da bangaskiyar Katolika da taya mai sauraro addu'a. Bambancinsa da shirin rediyo shi ne ba ya jiran lokaci: wanda ya sauke shi a wayarsa zai ji shi a gona, ko a shago, ko cikin mota a hanyar Zuru zuwa Kontagora, kuma ya maimaita yadda ya so.

Asali

Kalmar fodkas ta bayyana a 2004, an haɗa ta daga sunan na'urar iPod da kalmar Turanci ta watsa shiri. A 2005 kamfanin Apple ya shigar da irin waɗannan shirye-shirye cikin manhajar iTunes. A shekarar ce wani Fada, wato limamin Katolika, ɗan ƙasar Holan, Roderick Vonhögen, ya riƙa naɗar rahoto daga Roma lokacin rasuwar Paparoma John Paul na Biyu da zaɓen magajinsa. Limaman ƙungiyar Katolika ta Jesuit a Birtaniya sun fara shirin addu'ar kullum mai suna Pray As You Go a 2006. A Janairun 2021 shirin The Bible in a Year na Fada Mike Schmitz, mai kashi 365, ya hau saman jerin Apple a Amurka. Ikilisiya dai ba baƙuwa ba ce a harkar: Paparoma Pius na 11 ya buɗe Rediyon Vatican tun 1931, kuma Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da takardar Inter Mirifica kan kafofin sadarwa a 1963.

Masu sauraro a yankin

Zamfara da arewacin Kebbi suna ƙarƙashin Dayosis na Sakkwato (dayosis shi ne yankin da bishop ke kula da shi), wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke shugabanta tun 2011. Kudancin Kebbi, wato ɓangaren Zuru da Yawuri, yana ƙarƙashin Kontagora, wadda ta zama cikakken dayosis a 2020. A ƙasar Zuru akwai Dakarkari da Dukawa da Fakkawa da Kambari, kowa da yarensa, amma Hausa ce ke haɗa su a coci da kasuwa. Shi ya sa shirin da aka yi da Hausa ya fi kai wa nesa, ko da za a sa gaisuwa ko waƙa da yaren gida.

Fada ɗaya yakan riƙe ƙauyuka da yawa, wasu sai a yi makonni bai kai gare su ba, musamman da damina ko lokacin da hanya ba ta da tsaro. Katikis, wato malamin da ke koyar da addini a ƙauye, shi ne ke riƙe jama'a a tsakani. Fodkas ya fi amfani a nan: ya kai wa katikis da Zumuntar Mata da matasa karatun ranar da bayaninsa. Sai dai sauraro ba ya maye gurbin halartar Mas, wato babbar ibadar coci, ta Lahadi, kuma ba a karɓar sakramenti, irin su baftisma da furta zunubi, ta waya. Wata takardar Vatican ta 2002 kan Ikilisiya da intanet ta faɗi haka a fili.

Irin shirye-shiryen

Mafi sauƙi shi ne karatun ranar: Linjila, ɗan shiru, bimbini na minti uku zuwa biyar, sai addu'ar rufewa. Duka kada ya wuce minti goma. Mai shiri ya tabbata da shekarar da ake ciki, domin karatun Lahadi yana zagayen shekara uku, A ta Matiyu, B ta Markus, C ta Luka, kuma sauyin yana zuwa ne a Lahadin farko na lokacin jiran Kirsimeti, ba a Janairu ba. Masu farawa sun sha tuntuɓe a nan cikin watan Disamba. Haka kuma Littafi Mai Tsarki na Katolika littattafai 73 ne, ba 66 ba, don haka ranar da karatu ya faɗo daga Tobit ko Sirak ko Makabi, sai an nemi bugun da ke ɗauke da su. Idan ba Fada ko dikin ne ke bayani ba, a kira shi bimbini ko koyarwa, domin wa'azin cikin Mas na waɗanda aka naɗa ne kaɗai.

Rosari, addu'ar da ake ja da carbi, ya fi kowane shiri buƙatar dabara. Zagaye ɗaya yana da A Gaishe Ki Maryamu 53 da Ubanmu 6, yana cin minti 15 zuwa 20. Asirai su ne al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da ake bimbini a kansu yayin addu'ar. Na farin ciki na Litinin da Asabar ne, na baƙin ciki Talata da Juma'a, na ɗaukaka Laraba da Lahadi, na haske kuma, waɗanda John Paul na Biyu ya ƙara a 2002, ranar Alhamis. Ke nan naɗi huɗu sun ishi mako. Hanya biyu ce ake bi. Ko dai mai ja ya faɗi rabin farko, mutum biyu ko uku su amsa, mai sauraro ya bi sahun masu amsawa. Ko a bar shiru na daƙiƙa bakwai zuwa takwas a gurbin amsar. Ta farko ta fi dacewa da wanda ke addu'a shi kaɗai ko yake koyon kalmomin, ta biyu ta fi dacewa da iyali da ke zaune tare. Wanda ya zaɓi ta biyu ya kiyayi maɓallin share shiru da wasu manhajoji ke da shi, domin zai cinye gurabun duka ya bar mai ja yana ta zuba ba numfashi. Akwai kuma masu naɗar addu'ar sau ɗaya su manna ta sau hamsin don rage aiki. Kunne yakan gane kafin a gama goman farko, kuma abin yana fita kamar inji.

Sauran sun haɗa da Hanyar Gicciye mai tashoshi 14 a lokacin Azumin Kirista kafin Ista, addu'ar Mala'ikan Ubangiji ta ƙarfe shida da sha biyu da shida, da darussan katikizim ga masu shirin baftisma.

Naɗi

Wayar zamani da ƙaramin makirfon maƙalawa a riga sun isa farawa. Ɗakin ya fi kayan muhimmanci. Cikin coci ba wurin naɗi ba ne, saboda siminti da rufin kwano suna mayar da amo. Ƙaramin ɗaki mai labule da katifa da tabarma ya fi. A kashe fanka, a nisanci janareta, a sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse. A Gusau ko Birnin Kebbi lokacin da ya fi natsuwa shi ne bayan asuba kafin kabu-kabu su fito, ko dare bayan lisha. A duba lokutan kiran salla na unguwa a tsara naɗi tsakaninsu. Da damina, in hadari ya haɗo, a haƙura, don ruwa a kan kwano ba ya gyaruwa a kwamfuta.

Baki ya kasance kamar taƙi ɗaya daga makirfo, santimita 15 zuwa 20, a ɗan karkace. Haruffa irin su f da b da t suna busa iska kai tsaye, kuma su ne ke haifar da bugun da ake ji. Kafin magana a bar daƙiƙa goma na shirun ɗakin. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana amfani da shi wajen rage ƙarar bayan fage. Idan aka matsa ragewar da yawa murya takan koma kamar daga cikin randa.

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Wuya na jiki da wuya ta wahala rubutunsu ɗaya, haka gari na zama da gari na tuwo. Mai karatu ya bi nassin da ƙarfi sau biyu kafin naɗi, ya yi alama inda zai tsaya. Nassi a karanta shi yadda aka rubuta, amma a bimbini ba laifi karin harshen yankin ya fito, yakan ma ƙara kusanci.

Nauyin fayil da rarrabawa

A nan ne shirye-shirye da yawa ke mutuwa. Fayil na MP3 mai layin sauti ɗaya a kan kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kusan rabin megabait a minti: minti goma megabait biyar, Rosari kusan goma. A kan 128 nauyin ya ninka, ba tare da wani ƙarin daɗi ga murya zalla ba. Fayil na WAV mai layi ɗaya yana wuce megabait biyar a minti guda, don haka na ajiya ne, ba na turawa ba.

Domin shiri ya fito a Spotify ko Apple Podcasts, ana ɗora shi a wani masauki na intanet da ke samar da adireshin RSS, wanda manhajojin ke bi su ɗauko sabbin kashi, tare da hoton bango mai murabba'i, aƙalla ɗigon hoto (pixel) 1400 a kowane gefe. Wannan yana kai shi ga 'yan gida da ke Abuja ko Legas ko ƙetare. A ƙauye kuwa WhatsApp da Bluetooth da Xender da katin memori ne ke aiki. Rufe layukan waya da aka yi a Zamfara a Satumbar 2021 ya nuna haɗarin dogaro da intanet kaɗai. Dabarar da ta fi ita ce a naɗi na wata guda gaba ɗaya, a zuba a katin memori, a raba wa katikis ranar taronsu; katin yana shiga ƙaramar waya da rediyon caji. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan take, don su jeru daidai. A kuma faɗi ranar da baki a farkon shirin, saboda fayil in ya bi hannu uku sunansa yakan ɓace.

Izini da kiyayewa

Shirin da zai ɗauki sunan coci ko ya kira kansa na Katolika yana buƙatar amincewar hukumar Ikilisiya, ana farawa daga Fada mai kula da cocin yankin zuwa ofishin sadarwa na dayosis. Fassarar Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin da wasu suka naɗa suna da masu haƙƙi. Waƙar da mawaƙan cocin suka rera da kansu ta fi sauƙin sha'ani. Naɗar abin da aka faɗa wajen furta zunubi babban laifi ne a dokar Ikilisiya. Roƙon addu'a a karanta shi ba suna, sai in mai shi ya yarda, muryar yara kuma sai da izinin iyaye.

Fayil ba ya tsayawa inda aka nufa, zai iya faɗawa wayar maƙwabci Musulmi ko ta wanda ba a so. Saboda haka ana bayyana bangaskiya ba tare da taɓa addinin wani ba, kuma ba a ambaton ranar da Fada zai bi wata hanya, ko ƙauyen da zai kwana, ko adadin kuɗin baiko da aka tara. Sanarwa irin wannan ta baki ce, katikis ya isar da ita ga waɗanda ta shafa.