Ma'anar 5W-30 da 20W-50 da ake rubutawa a jikin galan ɗin baƙin mai

In ka je sayen baƙin mai a Ƙofar Ruwa ko a gidan mai, tambayar da za a fara yi maka ita ce mai kauri kake so ko tsinkakke. Da yawa kan zaɓi mai kauri, a ganinsu babbar lamba ita ce babban mai. Ba haka abin yake ba. Lambobin nan ba sa nuna inganci, awon kauri ne kawai, bisa tsarin ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE da ke Amurka.

Baƙin mai halin man shanu gare shi: sanyi na sa shi ya yi kauri, zafi na tsinka shi. Shi ya sa ake ba shi lamba biyu. Ta farko, wadda ke manne da W, tana nuna yadda yake gudu idan inji ya kwana ya yi sanyi, kuma W ɗin harafin farko ne na sunan lokacin sanyi a Turanci. Ƙanƙantar lambar, saurin hawan man zuwa saman inji da an yi ki. Ana gwada 5W a sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, 20W kuwa a digiri 15 ƙasa da sifili. Hunturun Kano bai taɓa kusantar haka ba, amma lambar tana da amfani a nan ma, domin daƙiƙun farko bayan tayar da mota su ne lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe, kafin mai ya zagaya.

Lamba ta biyu, 20 ko 30 ko 40 ko 50, kaurin man ne a zafin digiri 100, wato kusan zafin da yake kaiwa idan inji na aiki. A nan ne ake yawan kuskure. Sai ka ji an ce ranar Kano ta wuce digiri 40 a watan Afrilu, don haka dole a zuba 20W-50. To ai lagireto da fanka ne ke tsayar da zafin inji a wajen digiri 90, ko a Kano motar take ko a Jos. Abin da ke yanke hukunci shi ne yadda aka ƙera injin. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 suna da ɗan sarari tsakanin sassansu, mai kauri ya dace da su. Amma Corolla ta 2003 zuwa 2008 5W-30 aka rubuta mata, Civic ta 2006 zuwa 2011 da aka shigo da ita daga Amurka kuma 5W-20. Hanyoyin mai a irin waɗannan injuna matsattsu ne, kuma na'urar VVT-i ta Toyota, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da matsin man take aiki. Ka ɗura mata 20W-50, man zai riƙa jinkirin isa inda ake buƙatarsa, motar ta yi nauyi, shan fetur ya ƙaru. Ba ranar za ka ga illar ba, shi ya sa ake raina ta.

Lambar da ta dace tana cikin littafin motar, sau da yawa ma tana kan murfin da ake zuba mai. Idan inji ya tsufa har ya fara shan mai, hawa mataki ɗaya, kamar daga 30 zuwa 40, abu ne da za a iya yi da shawarar bakanike. Amma mai kauri ba ya gyara ringin da ya cinye, ɓoye hayaƙin kawai yake yi na ɗan lokaci.

Inganci kuwa wani rubutu ne daban, na API, wato cibiyar harkokin man fetur ta Amurka. Na motar fetur da S yake farawa: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Sabo yana maye gurbin tsoho. Galan ɗin da ba shi da wannan rubutu, ko wanda hatimin murfinsa ya taɓu, a bar shi. Man da ake awo daga duro a gorar ruwa ma haka, don ba ka san abin da aka gauraya ba.

Ko wane irin mai aka zuba, ƙurar hunturu da cunkoson Bata ko Kantin Kwari suna gajiyar da shi da wuri. A yi juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta. Barin tsohuwar filta na nufin mayar da dattinta cikin sabon mai. A juye da ɗumin inji, a shafa ɗan mai a robar sabuwar filta, a ɗaure ta da hannu ba da sifana ba. Ƙananan motoci kan ci lita 3 da rabi zuwa 4 da ɗoriya, saboda haka kada a tuttule galan mai lita 5 gaba ɗaya. In mai ya yi yawa, inji na kaɗa shi ya yi kumfa, robobi su fara yoyo.

Duba geji, wato sandar awon mai da ke jikin inji, sau ɗaya a mako, a shimfiɗaɗɗen wuri, bayan an kashe mota da minti biyar zuwa goma. A zaro, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin biyu, kusa da ta sama, kuma tazarar da ke tsakaninsu galibi wajen lita ɗaya ce. Baƙi shi kaɗai ba laifi ba ne, alama ce man yana kwashe datti. Wanda ya koma fari-fari kuwa ruwa ne ya shige shi, galibi gasket ne ya ƙone. Idan jar fitila mai hoton buta ta kama ana cikin tafiya, matsin mai ne ya faɗi. A gangara gefe a kashe nan take, kada a ce bari a lallaɓa zuwa gareji, domin 'yan mintoci sun isa inji ya buga.