Wasan kwamfuta na rufewa, kwamfuta ta ƙi tashi: daga ina ake fara dubawa?

Ana tsaka da wasa sai ya rufe kansa. Me zan fara yi?

Kafin ka taɓa sukurudireba, lura da yadda abin ya faru, domin yanayin mutuwar shi ke nuna inda ciwon yake. Idan wasan kaɗai ya rufe ya bar ka a kan Windows, galibi laifin manhaja ne. Idan allo ya yi shuɗi da saƙon kuskure, ka zargi RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) ko direba (manhajar da ke sarrafa wani sashen kwamfuta). Idan kuwa kwamfutar ta ɗauke ɗif kamar an zare filogi, to wuta ce ko zafi. Kuma ka riƙa gyara abu ɗaya ka gwada kafin ka matsa gaba. Wanda ya canja abu biyar a tashi ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya yi magani ba.

Idan manhaja ce fa?

A Steam, manhajar saye da sauke wasanni, akwai wurin tantance fayilolin wasa, zai sake sauke duk wanda ya lalace. In bai yi ba, shiga Safe Mode (yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kaɗai) ka goge direban katin hoto (sashen da ke fitar da hoto zuwa allo) da manhajar goge direba mai suna DDU, sannan ka ɗora sabo daga shafin Nvidia, AMD ko Intel. Idan matsalar ta fara ne bayan sabunta direba, koma na baya.

Ta yaya zan gane zafi ne?

Buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin sassan kwamfuta, ka yi wasa na minti 20, ka duba mafi girman zafin da ta nuna. Yawancin CPU (ƙwaƙwalwar kwamfuta) na Intel suna rage gudu a digiri 100, na AMD Ryzen 7000 kuma a 95. Buɗe murfin akwati ka duba fankoki: sau da yawa za ka tarar da ƙura ta yi dam tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya kamar auduga. Hure ta, amma ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta da ƙarfi. Idan man da ke tsakanin CPU da abin sanyaya ya bushe ya tsage, goge shi da sinadarin isopropyl ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya.

Me ya haɗa RAM da rufewar wasa?

Nan ne mutane da yawa ke ɓata kwanaki. Saitin XMP ko EXPO da ake kunnawa a BIOS (shafin saitunan kwamfuta kafin Windows ya tashi) tura RAM yake yi sama da gudunsa na asali, kuma ba kowace CPU ke jurewa ba. Kwamfutar za ta shiga intanet da kallon bidiyo lafiya lau, sai wasa mai nauyi ya tona asiri. Kashe XMP ko EXPO ɗin ka gwada. Sannan ka sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filasha ka bar shi ya yi zagaye 4. Kuskure ko da ɗaya ne ya isa hujja. Daga nan sai a gwada sandunan RAM ɗaya bayan ɗaya.

Ita kuma mai ɗaukewa gaba ɗaya?

Katin hoto yakan fizgi wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, akwatin wuta (wanda ke rarraba wa sassan kwamfuta wuta) mai rauni ko tsoho sai ya kashe kansa don kariya. Idan katin na da ramin wuta biyu, ba kowanne wayarsa daban daga akwatin. Za ka ga saƙon Kernel-Power 41 a Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, sai dai abin da yake faɗa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba shiri, ba ya faɗin dalili. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a sa wani akwatin wuta mai lafiya. Kada ka kuskura ka buɗe cikinsa, yana riƙe da wuta ko bayan an zare shi.

Na danna maɓalli, ko motsi babu.

Duba makunnin bayan akwatin wuta, da babbar waya mai fil 24, da siraran wayoyin maɓallin gaba da ke shiga madabod, babban farantin da duk sassan ke haɗuwa a kai.

Fankoki na juyawa amma allo baƙi ƙirin.

Da farko tabbatar wayar allo a katin hoto take, ba a madabod ba. Duba kuma waya mai fil 8 ta CPU. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu: CPU, DRAM (wato RAM), VGA (katin hoto) da BOOT (faifan tashi). Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. Idan DRAM ce, zare wuta, cire RAM, mayar da sanda ɗaya tak har ka ji ta yi ƙas. A madabod mai rami huɗu, sanduna biyu galibi suna zama a rami na biyu da na huɗu daga CPU. Sabuwar kwamfuta mai RAM nau'in DDR5 takan ɗauki 'yan mintuna a tashin farko, a yi mata haƙuri. In duk bai yi ba, cire ƙaramin batirin CR2032 da ke kan madabod na minti 5 don BIOS ya koma yadda ya zo.

BIOS na fitowa amma Windows ya ƙi shiga.

Duba ko BIOS na ganin faifan da Windows ke ciki, kuma ko shi ne na farko a jerin tashi. Idan yana gani, katse tashin Windows sau uku a jere da maɓallin wuta, zai kai ka shafin gyara. Idan ba ya gani, sake zaunar da faifan in M.2 ne (wanda ake cusawa kai tsaye a madabod), ko ka canja wayarsa in SATA ne (mai haɗuwa da waya), kafin ka yanke hukuncin ya mutu.